Shari'ar Wutsiyar Famfo

Tambuwal, Oktoba 1978
Talata, bayan la'asar

Ya ku alƙalan zamanin da bai zo ba tukuna, ya ku ma'abota rawuna da tabarau waɗanda za su tono wannan littafi daga ƙarƙashin tarihi, ya ku jikokin jikokina masu albarka, ya ke tawada, ya kai alƙalami: gaisuwa mai yawa, da ban girma, da roƙon a gyara zama. Bayan haka, ni ne Dikko, malamin aji uku a firamaren garin nan, mahayin baƙin keke, wanda aka zalunta. Na buɗe wannan zama ne domin in gurfanar da mutum guda a gabanku, wato Namadi tela, ɗan kawuna, taubashina ta wajen jini, abokin gabata ta wajen hali. Buƙatata ɗaya ce tak, amma ba zan ambace ta ba sai na gama jera hujjoji. Zan rubuta da Hausar rediyo domin mutanen gaba su gane. Shaidu kuwa zan bar su da bakinsu.

Ga asalin magana. Ƙungiyar samarin Tambuwal da Kebbe ta shirya tseren keke kafin Babbar Sallah. Daga nan a bi daji zuwa Kebbe, a zarce Fakku, a kwana, a juyo. Ba a taɓa kwalta, ba a karɓar taimakon mota, kowa ya ɗauki ruwansa da guzurinsa da tabarmarsa a kan kekensa. Kuma biyu-biyu ake shiga, a tashi tare, a iso tare. Wanda ya iso shi kaɗai bai iso ba. Waɗanda suka ci za su koma gida da rago da akwatin rediyo.

Tun da ruwa ya ɗauke nake horo da Namadi. Mun hau jigawa, mun keta fadama, mun ci ƙuli-ƙuli daga aljihu ɗaya. Sai ga shi ranar kasuwar da ta wuce bai zo inda muke haɗuwa ba. Na fita ni kaɗai hanyar Kebbe. Can cikin daji tsidau ya huda tayar baya. Na yi faci cikin natsuwa irin ta masana, na ciro famfon kakanmu na tagulla, na jawo hannunsa domin in zaro wutsiya, wato ɗan guntun tiyon nan da ake murɗawa tsakanin famfo da bawul, wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, wanda kuma in babu shi famfo sanda ce kawai.

Babu wutsiya.

Yadda na dawo gari ba zan rubuta ba. Abin da tarihi yake bukatar sani shi ne rana ta yi zafi, wani bawan Allah mai itace ya tausaya, kuma hanyar shiga gari ta tsakiyar kasuwa ta bi. Daga yau za a kira wannan Al'amarin Ranar Kasuwa, ba kuwa za a ƙara bayani ba.

A ranar ce kuma na ji cewa Namadi zai shiga tseren tare da Ɗangiwa, ɗan Alhaji ɗan kwangila.

Laraba, lokacin tara

Duk sa'ad da na juya wajen allo, wasu yara suna ɗora tafin hannu a gefen kai suna kaɗawa. Na ga inuwarsu a bango.

Alhamis, da yamma

Na kai ƙara babbar kotu, wato ɗakin kakarmu Inno, mahaifiyar uwata kuma mahaifiyar uban mai laifi. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Mi af faru, angona, kaka ta huci?"

"Inno, ƙara na kawo."

"Wa kaka ƙara?"

"Ɗan ɗanki."

"Kai fa, ɗan wa na?"

Na yi watsi da wannan tarko, na zayyana mata ha'incin tun daga tushe. Ta saurara har ƙarshe, sai dai da na iso wajen mai itace ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Ta ce tari ne.

"Wasa na, Dikko," in ji ta. "Taubashi in yaɗ ɗauki abinka ba a kai shi ƙara, ba a fushi. Sai dai kai ma ka ɗauki nashi. Hakanga munka taras."

Na ce wannan doka an kafa ta ne kafin a ƙirƙiro bawul.

"To, tsaya. Wutsiyar ga da kaka ta faɗi, ta wa ta?"

Na ce wutsiya ta famfo ce, famfo kuwa nawa ne.

"Ran da kakanku Malam yar rasu, ni nar raba kayan kekenai da hannuna. Kai nab ba famfo, shi nab ba wutsiya. Kun yi ta dariya, kuna cewa tsohuwa ba ta san kayan zamani ba. Sannan kunka maida ta cikin famfo, tunda kullum kuna tare." Ta watsa gyaɗa cikin ƙwarya. "Ni ban iya rabo ba, ko?"

Wannan shaida ba ta da alaƙa da shari'ar da ke gabanmu. Na soke ta. Na ci gyaɗa na fito.

Asabar, da hantsi

Na sa farar riga na nufi shagon mai laifi. Yana kan keken ɗinkinsa yana taka feda, ɗinkin Sallah ya taru har rufi. Ku lura da rashin adalcin duniya: ni sai na tashi daga aji nake horo cikin rana, shi kuwa yini yake yana horon ƙafa a inuwa, ana kuma yi masa godiya. Mutum mai keke biyu ba abin yarda ba ne.

"A'a, ɗan mace! Maraba da sarkin yaƙi. Ina kab baro ingarman naka mai kunnuwa?"

Na ce, "Na zo ne in sanar da kai cewa tarihi yana tsaye yana kallonka."

"Ce ma tarihi shi matsa, ya tare man haske. Zare nika sawa ga allura."

Masu jiran ɗinki suka fashe da dariya. A dokar taubasai wajibi ne ni ma in yi dariya, saboda haka na buɗe haƙora gwargwadon wajibi, na rufe.

Sai na gan ta. Tana rataye a ƙusa, sama da kansa, kusa da almakashi. Na ce, "Me za ka yi da ita babu famfo?"

"Kai mi kaka yi da famfo babu ita?"

Da mutane suka ragu na tambaye shi dalili, ba da manyan kalmomi ba, don sun ƙare mini a lokacin. Bai ɗago kai ba. Ya ce Alhaji ya yi alkawari in suka ci zai kawo masa keken surfani mai lantarki daga Kaduna. Na ce ai babu wuta a layin nan. Ya ce ana ta kafa turaku.

"Kai albashi gare ka, Dikko. Ni ƙafa ag gare ni."

"Da ka gaya mini."

"Da na gaya maka, da ka yi man huɗuba har la'asar."

Ana haka Ɗangiwa ya iso a kan jan kekensa da aka sauko da shi daga jirgin sama, mai giya barkatai, mai ƙaho a lanƙwashe kamar na rago, da taya siririya kamar tsinken tsire. Ya gaishe ni da "Malam, ya jiki?" alhali ban yi ciwo ba.

Zan wuce su a daji. Zan wuce su ina waƙa. Zan jira su a Fakku na yi wanka, na sha fura, in tambaye su ko lafiya.

Lahadi, bayan azahar

Yau ranar shirin yaƙi ce. Na kwance keke ƙusa-ƙusa a tsakar gida. Na cire marufin taya gaba da baya, domin in laka ta cushe a fadama sai keke ya ƙi tafiya. Na jiƙa sarƙa a kananzir, na shafe ta da baƙin mai. Na tsaga tsohon tif na shimfiɗa shi cikin taya, tsakaninta da sabon tif, domin tsidau ya sha wahala kafin ya kai ga iska. Sirdi na sa masa man shanu ya kwana, na naɗe ƙaho da tsumma saboda kada hannu ya yi kanta. A kariyar bayan keke za a ɗaura tabarma da bargo da salkar ruwa. Guzuri kilishi ne da ƙuli-ƙuli da dabino da garin fura. Gam da faci da sufana suna cikin gwangwanin madara. Tocila tana da sabon batir.

Abin da ya rage jakar ciki, wadda ake ɗaurawa tsakanin ƙarafan keke domin nauyi ya zauna ƙasa. Wani tela ya auna kekena tun watan jiya, ya yanka tamfol, ya ce guda biyu zai ɗinka iri ɗaya. Ba na bukatarta. Zan ɗaura buhu.

Na tura keke wajen mai faci ya ba ni iska. Ya ce, "Malam, ai wutsiyar famfo ga su nan cike da gwangwani, ɗauki ɗaya." Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na bayyana masa cewa ba su dace da famfon tagulla ba. Ya ce duk bakinsu ɗaya ne. Jahilci ya yi yawa a garin nan.

Litinin, bayan an tashi makaranta

Na yi wa aji uku shifta. Jimlolin su ne: Tela ya ci amana. Allura tana da ido amma ba ta da kunya. Jan keke ba ya kai mutum Fakku. Yara sun yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai a ƙasan wani littafi an zana dabba da mutum a kanta, da keke a kan mutumin. Zanen yana da kyau, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Hedimasta ya kira ni ya ce daga yau a riƙa ɗauko shifta daga littafin hukuma.

Laraba, da almuru

Na sami abokin tsere. Sunansa Gidaɗo, ma'aikacin allurar shanu ne, kullum yana kan keke tsakanin rugage, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Yana da famfonsa cikakke. Da ƙanensa ya so shiga, amma na je na yi masa jawabi a kan girman wannan jihadi, ya saurara, ya ce, "To, Malam."

Mun yi gwaji zuwa Dogon Daji ta burtali, da kaya cikakku, muka dawo. Mutumin ba ya gajiya, ba ya haki, ba ya kuma magana. A kan jigawa na ce masa, "Dubi yadda rairayi yake jayayya da nufin ɗan Adam." Ya ce, "To." Da wani ne da ya ce in rage Larabci in ƙara feda, da na ce masa jahili, da mun kai ƙarshen jigawar ba mu sani ba. Yau na san tsawonta sarai.

Wannan alheri ne. Shiru yana tara ƙarfi.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ya ku alƙalai, ku shaida: na yi aiki da fatawar Inno. Na riga mai laifi fitowa daga masallaci, na shiga shagonsa, na cire igiyar fatar da ke juya keken ɗinki, na naɗe ta a aljihu. Sallah ta matso, riguna sun yi tsibi. Bari mu ga yadda ake dariyar wajibi.

Wutsiyar tana nan a ƙusarta, hannuna ya wuce ta kusa. Ban taɓa ta ba. Ni ba ɓarawo ba ne. Wanda ya ɗauke ta shi zai maido ta.

Asabar, da safe

Ya yanka tsohon tif ya ɗaura a madadin igiyar. Na wuce ta ƙofar shagon, bisa kuskure, sai ya ɗaga murya: "Ɗan mace, Allah shi yi maka albarka! Wagga ta fi waccan laushi!"

Na ɗaure tabarmata da igiyarsa. Aƙalla za ta ga Fakku.

Lahadi

Cinyoyina suna ciwo. Ban yi tunanin kowa ba yau.

Talata, bayan la'asar

Mi nay yi mai? Ni da nika tsaya mai in ya tsaya shan ruwa, ni da nab ba shi sirdina sa'ad da nashi yat tsage, ni da

A yi haƙuri. Hausar rediyo ta kuɓuce mini. Za a ci gaba gobe cikin tsari.

Asabar, da almuru

Babban gwaji: ni da Gidaɗo har Kebbe da dawowa. Mun koyi abubuwa. Salka ɗaya ba ta isa, sai an ƙara gora. A rairayi mai zurfi gara a rage wa taya iska kaɗan, a zauna baya, kada a taɓa birki. Kilishi yana kawo ƙishirwa, a bar shi sai an sauka. Buhun da na ɗaura a cikin keke yana gogar gwiwata har ta yi ja, amma wannan ƙaramin abu ne ga mai babban nufi.

Yanzu ga labari mai daɗi. Kafin Kebbe akwai wani busasshen rafi mai yashi. Tun daga nesa na ga sawu iri biyu: ɗaya mai faɗi wanda na sani kamar rubutun hannuna, ɗaya siriri yana nutsewa yana karkacewa. A tsakiyar yashin muka same su. Ɗangiwa yana zaune a inuwar kalgo, ya cire takalmi, yana shan lemon kwalba. Namadi ya saɓa jan keken a kafaɗa, yana tura nasa da hannu ɗaya, kayan mutum biyu duk a kan kariyarsa.

Na daɗe ina shirya jawabin wannan rana. Yana da gabatarwa, yana da rassa uku. Na rage gudu, na gyara murya.

Ya ɗago ya dube ni. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu, leɓensa ya bushe. Na jira ya ce ɗan mace. Na jira ya tambayi ingarma. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da turawa.

Na fasa jawabin saboda iska ba ta dace ba. Muka wuce. Gorar ruwata ta faɗi a wurin, ina jin igiyarta ce ta kwance, ban kuwa koma ɗauka ba saboda kada in karya gudu.

Nasara ce babba. Na yi murna ƙwarai. Tuwon dare bai yi mini daɗi ba, wataƙila miyar ce.

Litinin, lokacin tara

An ga Ɗangiwa yana zaga gari a kan sabon babur, ja shi ma.

Talata, da yamma

Labari ya tabbata. Ɗangiwa ya gaya wa ubansa cewa keke abin mutanen da ne, Alhaji kuwa ya saya masa babur, ya ce tunda yaro ya fasa, maganar keken surfani sai wani jiƙon. Jan keken yana jingine a garejinsu, kaji suna kwana a kai.

Saboda haka mai laifi ba shi da abokin tsere, ba shi da keken surfani, duk samarin da suka iya feda kuma sun riga sun haɗu biyu-biyu. Asabar mai zuwa zai tsaya a bakin hanya cikin 'yan kallo, ni kuwa in wuce.

Ya ku alƙalai, wannan shi ne abin da na roƙa. Ko da ni na tsara shi da hannuna ba zai fi haka kyau ba. Ku rubuta cewa Dikko ya yi dariya.

Na bi ta ƙofar shagon domin ya ga dariyar. Keken ɗinki yana ta ƙara, bai ɗago ba. Turakun lantarki sun iso har bakin layinsu, babu waya a kai.

Laraba, bayan azahar

Inno ta aiko a kira ni. Na tarar da abu a kan tabarmarta: jakar ciki ta koren tamfol, ɗinki biyu-biyu, da maɗaurai na fata. Gorata tana kusa da ita, an wanke ta, an sa mata sabuwar igiya.

"Wani yak kawo," in ji ta. "Ya ce kaya nai sun yi yawa cikin shago, a ba mabukaci."

"Bai ce komai ba bayan wannan?"

"Ya ce buhu ya ɓata ma garin ga suna."

Na karɓa a matsayin ganimar yaƙi. Na ɗaura ta, ta zauna daram kamar tare aka ƙera su da keken, gwiwa ba ta taɓa ta. A gefe ya yi dogon aljihu daidai tsawon famfon tagulla. A jikin wannan kuma akwai wani ɗan siririn aljihu, tsawon taƙi ɗaya. Na sa yatsa. Babu komai a ciki.

Wannan tsokana ce. Ko kuwa tambaya ce. Ba ni da lokacin fassara ɗinkin teloli.

Inno ta bi ni da ido har ƙofa. "Angona, in kac ci ragon, wa zai riƙe maka ƙafafu ran yanka?"

Na ce Gidaɗo.

"To," in ji ta. Ita ma ta koya.

Alhamis, da almuru

Gwaji na ƙarshe, gajere, don a huta ƙafa. Da muka tsaya gindin wata tsamiya, Gidaɗo ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wutsiyar famfo sabuwa fil, ya ce guda biyu gare shi. Na murɗa ta a famfon tagulla. Ta shiga. Na murɗa a bawul, na buga, iska ta shiga taya ba tare da ko tsaki ba.

Na kwance ta na mayar masa, na ce ba ta dace ba.

Ya duba taya, ya duba ni. Ya ce, "To."

Muka zauna. Can sai ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

"Malam, tun ran Dogon Daji kana ce man Namadi. Na bari, don ba zagi ba na. Amma ƙanena ya yi kwana da kwanaki bai yi man magana ba, kuma kekenai a shirye shike."

Na miƙe tsaye, na yi masa jawabin sallama mai ratsa zuciya, na 'yanta shi daga alkawari, na yi masa fatan zuwa na biyu. Ya ce, "To, Malam," ya hau. Wallahi na ga haƙoransa, karo na farko.

Yanzu ni ma ba ni da abokin tsere. A garin nan kaf mutum biyu ne suka rage ba su da shi. Wannan lissafi ne kawai, kada a ɗora masa wata ma'ana.

Juma'a, bayan la'asar

Ya ku alƙalan zamani mai zuwa, ya ku masu rawuna, ya ku jikoki: an gama jin shaidu. Keke yana tsaye a zaure, an ɗaure tabarma, an cika salka da gora, sarƙa tana ƙyalli. Na ƙara dabino da ƙuli-ƙuli fiye da cin mutum ɗaya, saboda yunwar daji ba ta da tabbas. Gobe bayan sallar asuba za a tashi daga bakin kasuwa.

Kotu ta sami Namadi tela da laifin ha'inci, da laifin dariya, da laifin yin shiru a rafin Kebbe lokacin da ya kamata ya yi tsiya, wanda shi ne mafi muni. Na yi niyyar neman a kore shi daga lardi, a haramta masa allura, a sa shi ya ratsa kasuwa a kan dabbar da ya sani. Duk na yafe, ba don ya cancanta ba, sai don takarda ta kusa ƙarewa.

Ga buƙatar da na yi muku alkawari tun farko, wadda dominta aka tara wannan majalisa mai girma. Na riga na faɗa wa Inno ita baki da baki, ta sa na maimaita don ta haddace, ta ɗauki mayafinta tana tari irin na rannan.

A ce wa Namadi ya ba ni aron wutsiyar famfo.

Ba na karɓa daga hannun ɗan aike. Ya kawo da kansa, gobe, bakin kasuwa, kafin a busa usur. Tunda kuma abin nasa ne, ni kuwa an san ni da yar da gora a hanya, ya fi masa kyau ya zo da kekensa ya bi dukiyarsa, kada ya bari ta ɓace masa da gani har Fakku da dawowa. In ya ga dama ya yi ta zancen ingarma tun daga nan har Kebbe. Zan yi dariya gwargwadon wajibi.

Igiyar keken ɗinkinsa kuwa tana ɗaure da tabarmata. In yana so, ya zo ya kwance a Fakku.